Kafin ku hau jirgin Sevenoaks: gudu a dajin Ingila lokacin farauta



Duk safiyar Asabar tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross takan cika da masu takalmin gudu da ƙaramar jaka a baya. Sun gaji da kwaltar Landan, za su yankin Kent su yi gudu a turbar daji. Minti talatin da 'yan kai jirgi ya sauke mutum a Sevenoaks, daga nan ga Knole Park, ga kuma North Downs Way, doguwar turbar nan mai mil 153 da ta tashi daga Farnham ta dire a Dover. Yanzu namu ma sun fara shiga sahu, ɗalibai da ma'aikatan asibiti, maza da mata, kuma abin ya yi mini daɗi. Sai dai akwai abin da ba a rubuta a jikin tikiti ba: daga Oktoba zuwa farkon Fabrairu, gonaki da dazuzzukan da turbobin nan suke ratsawa wuraren harbi ne.

Mu da muka taso a Arewa mun san farauta da hayaniya. In an gama girbi, rani ya shigo, za ka ji gangi, ka ji kirari, ka ga mota shaƙe da samari da karnuka da gora. Farautar gida ita take sanar da kanta tun daga nesa, mai hankali ya kauce. Ta Ingila ba ta da ganga. Abin da take da shi kalanda ne da doka, wanda kuwa bai san su ba sai dai ya ji ƙarar bindiga a bayan shinge.

Babban abin da ake harbi a Kent wani tsuntsu ne da suke kira fezan, mai girman zabo da dogon wutsiya. Kiwonsa ake yi a sake shi a daji, miliyoyi duk shekara a faɗin Birtaniya. Lokacin harbinsa daga 1 ga Oktoba ne zuwa 1 ga Fabrairu, na makwarwa kuma tun 1 ga Satumba yake farawa. Masu kora sukan jeru da sanduna da tutoci da karnuka su bi daji suna tayar da tsuntsaye, su kuma maharba suna tsaye a jere a can gaba, in tsuntsu ya tashi ya bi ta samansu sai su harba. Yawanci da ƙaho ko usur ake buɗe kora, da shi ake rufewa, sannan a koma wani wurin. Saboda haka in kuka ga motoci a fake a gefen gona da mutane da tutoci, ku daina gudu, ku tsaya inda za a gan ku, ku ɗaga hannu ku yi gaisuwa. Sau da yawa akan ajiye mutum a bakin turba don ya ce a dakata ko a wuce. Jira na ɗan lokaci bai rage wa kowa komai ba, kuma ni a ganina ba wurin nuna sanin 'yanci ba ne.

'Yancin dai yana nan, kuma ya kamata mu san shi, musamman mu da ake yi wa kallon baƙi in mun fita daga birni. Turbar da aka sa wa kibiya rawaya ta masu ƙafa ce, mai shuɗiyar kibiya kuma har da masu doki da keke. Doka ce ta ba jama'a su, mai gona ba shi da ikon rufe su don yana da baƙin harbi. Amma ikon a kan turbar ya tsaya. Taku goma gefe ka shiga gonar mutum, kuma ka shiga inda maharbi bai sa ran ganin kowa ba. Akwai wasu turbobin da mai ƙasa ne ya bari a bi don raɗin kansa, waɗannan yana iya rufe su ranar da ya ga dama. Taswirar Ordnance Survey tana bambanta su. Ku sauke ta a waya tun kuna tasha, don sabis yakan ɗauke a kwari.

Ga wata dabara da ba ta cin kuɗi. Wata doka ta 1831, wadda har yau tana aiki a Ingila da Wales, ta hana harbin fezan da makwarwa ranar Lahadi da ranar Kirsimeti. Asabar kuwa ita ce ranar da aka fi fita harbi. Wanda yake da zaɓi ya mayar da dogon gudunsa Lahadi. Ba wai ba za a ji bindiga ba sam, akwai masu harbin faifan yumɓu don wasa, kuma dokar ba ta shafi barewa ba.

A kan barewa nake so in daɗe, domin nan ne al'adarmu ta ci karo da tasu. Da yawanmu mun fi son motsa jiki bayan sallar Asuba. To, wannan lokacin ne na maharbin barewa, shi da gab da Magariba, saboda a lokacin dabbar take fitowa kiwo. Doka ta yarda ya fara tun sa'a guda kafin fitowar rana, har zuwa sa'a guda bayan faɗuwarta. Shi kaɗai yake fita, ba kare mai haushi, ba tuta, sau da yawa yana zaune kan wata kujera mai tsani da aka jingina da bishiya. Bindigarsa ma daban ce: ta masu tsuntsu ƙananan ƙwayoyi take watsawa da ba sa nisa sosai, tasa harsashi ɗaya ne mai cin dogon zango. Daga 1 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris ake harbin matan barewa, wata ƙarama kuma da ake kira muntjac ba ta da hutu duk shekara. Maharban an koya musu kada su harba sai sun tabbatar da abin da suke gani da abin da ke bayansa, kuma ba kasafai ake jin an raunata mai wucewa a Ingila ba. Duk da haka ban ga dalilin da zai sa mutum ya jarraba idon wani da duku-duku ba.

'Yan uwana mata, kayan gudunmu kusan duk baƙi ne, ko ruwan ƙasa, ko ruwan toka, launin daji ke nan a hunturu. Ɗankwali ko hijabin gudu mai ruwan lemo yana maganin wannan, ko 'yar rigar nan mai ƙyalli ta masu keke a ɗora a sama, a ƙara da fitilar goshi. Ku tuna a Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma. Abin sauraren kunne kuma a bar shi a aljihu, ko da karatu ake ji, don a daji kunne yana riga ido.

Masu karanta mu daga Faransa, naku ya fi namu tsanani. Can ana farauta har Lahadi, kuma a Fabrairun 2022 harsashin masu farautar gursunu ya kashe wata mata 'yar shekara 25 tana tafiya a turbar daji a yankin Cantal. In kun ga allon da ke cewa ana farauta, ku juya. A Amurka kuwa jihohi da yawa sun wajabta wa maharba sa ruwan lemo a lokacin barewa, sai ku yi koyi da su.

Wanda ya ce shi zai tsaya cikin Landan ma bai rabu da zancen ba. Daga Embankment, nan kusa da Charing Cross, layin District yana kai mutum Richmond. A Richmond Park ana rage yawan barewa sau biyu a shekara, Nuwamba da Fabrairu, kuma a makonnin akan kulle ƙofofi daga ƙarfe 8 na dare zuwa 7:30 na safe. A Oktoba kuwa barewar ce abin tsoro, can da Knole duka, don lokacin barbara ne, mazan suna faɗa. Hukumar wurin tana cewa a ba su tazarar mita 50.

Kafin jirgi ya tashi, ku tura wa wani sunan turbar da za ku bi da lokacin da kuke sa ran dawowa. Ku kuma tura kalmar register zuwa 999 sau ɗaya, ku amsa saƙon da zai biyo baya, ta yadda in sabis ya yi rauni har kira ya ƙi shiga za ku iya neman agaji ta saƙon waya. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.