Ɗaliban Jinya Amana Ce A Wuyan Iyaye

A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya suka auna yara a yankunan Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da tamowa. To, 'ya'yanmu da muke turawa Gusau koyon aikin jinya, daga Ƙauran Namoda har Zurmi, irin aikin da ke jiransu ke nan.

Ɗaliba takan kwana tsaye a ɗakin yara, wani ya cika a hannunta, gari ya waye ga jarrabawa. In ta zo hutu ta yi jugum, barci ya ƙaurace mata, kada uba ya ce ragwanci ne ko raunin imani. Ya zauna ya saurare ta. In abin ya daɗe, a ga likita.

Ya kuma tuna mata Rufaida Al'aslamiyya, wadda a hemarta aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan Hijira. Ta san sana'arta tana da asali, gidansu kuma yana bayanta.

Allah Ya ƙarfafa zukatansu, amin.