In an kori mai baro, manomi ma ya yi asara

Manomi, kada ka ɗauka rikicin 'yan tebur da hukumar KAROTA a Kano matsalar 'yan birni ce kawai. Tumatirin da ka sauke a Kasuwar 'Yan Kaba, wa ke kai shi gaban mai cefane? Masu baro ne da masu kasa kaya a bakin titi, daga Kwaciri har Sabon Gari.

Hukuma na da hujjarta, kayan da aka baje kan kwalta suna toshe hanya. Amma duk ranar da aka tashe su, sai su rage sari. Tumatir da alayyahu kuwa ba sa jiran gobe, dole dillali ya karya farashi, asarar ta biyo ka har gona.

Ko masu shago ba su tsira ba. An rushe shagunan Filin Idi a watan Yunin 2023, amma da yake 'yan kasuwar suna da ƙungiya, suka je kotu, ta ce a biya su diyya. Mai tebur shi kaɗai, wa zai saurare shi?

Don haka ƙungiyarku ta haɗa kai da masu sarin kayanku, ku nemi ƙaramar hukumar Fagge ta keɓe musu wuri da lokaci, a rubuce.