Mai Kaya Ba Ya Zama Alƙalin Kayansa

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani wasa da ake yi a Amurka da ƙasashen Turai wanda watakila da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganinsa ba, ko kuwa sun ci karo da shi a intanet suka wuce. Sunansa golf na faifai. Maimakon sanda da ƙwallo, ɗan wasa faifan roba yake jefawa da hannu, daga wurin tashi zuwa wani kwandon ƙarfe da aka kafa bisa turke, an rataya masa sarƙoƙi don su tare faifan ya faɗa ciki. Wanda ya gama zagaye kwandunan filin da jifa mafi ƙaranci shi ne ya ci. Wani Ba'amurke mai suna Ed Headrick ne ya tsara filin farko na dindindin a Oak Grove, kusa da Pasadena ta jihar Kalifoniya, cikin 1975, a 1976 kuma ya kafa ƙungiyar PDGA, wadda har yau ita ke riƙe da dokokin wasan. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kansa shi ne wata gardama da 'yan wasan ke yi ba dare ba rana, watau wane faifai ne ya fi wane, domin mun hango a cikinta wani darasi da ya shafe mu duka.

Faya-fayan nan iri huɗu ne. Akwai na sakawa a kwando daga kusa, mai kaurin baki. Akwai na tsaka-tsaki. Akwai na nesa, mai faɗin baki da kaifi, wanda sai ƙaƙƙarfan hannu ke iya sarrafa shi. Sa'an nan akwai wanda za mu kira faifan saiti, wanda ke tsakanin na tsaka-tsaki da na nesa. A kan wannan na ƙarshe gardama ta fi zafi, kuma da dalili. Shi ake ɗauka idan hanya ta ƙuntata tsakanin itatuwa, inda kaucewar taki ɗaya za ta sa faifai ya daki kututture ya faɗi, jifa ɗaya ta tafi a banza. Mutumin da ke neman saiti dole ya san abin da faifansa zai yi tun kafin ya sake shi.

To, ta yaya zai sani? Kamfanin Innova, wanda aka kafa a 1983, ya yaɗa wata hanya da yawancin kamfanoni suka bi, watau buga lambobi huɗu game da kowane faifai. Ta farko gudu, ta biyu shawagi, ta uku karkata, ta huɗu komowa. Idan mai jifa da hannun dama ya jefa ta bayan hannu, faifan kan so ya karkata dama sa'ad da yake cikin tsananin gudunsa, in gudu ya ragu kuma sai ya komo hagu ya sauka. Faifan Teebird lambobinsa 7, 5, 0, 2, ma'ana zai miƙe sosai, ya ɗan komo hagu a ƙarshe. Leopard nasa 6, 5, -2, 1, watau zai karkata dama tukuna kafin ya komo kaɗan. Firebird kuwa 9, 3, 0, 4, ba ya karkata, kuma komowarsa da ƙarfi take. Irin Firebird shi za mu kira mai taurin kai, irin Leopard kuma mai saurin karkata, kuma a kan wannan hali na taurin kai ko rashinsa rabin gardamar ke tafiya.

Wannan karkata da komowa suna da dalili a ilmin kimiyya. Faifai na tafiya yana juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, iska kuma na tura shi sama. Amma wurin da iskar ta fi turawa ba ya tsayawa a tsakiyar faifan. Lokacin da yake gudu sosai wurin na komawa bayan tsakiya, in ya rage gudu kuma wurin ya dawo gaba. Da yake abu mai juyawa ba ya amsa turi ta inda aka tura shi, sai ta gefe, shi ya sa faifan ke kwantawa dama da farko, daga baya ya kwanta hagu. Saboda haka halin faifai ya dogara ga saurin da aka ba shi da kuma iskar da ya tarar. Iskar da ke fuskantar mai jifa tana ƙara masa karkata, wadda ke biye da shi tana ƙara masa taurin kai, haka nan kuma a ƙasa mai tudu ƙwarai, inda iska ba ta da nauyi, yakan fi taurin kai.

Ɗaya rabin gardamar kuwa a kan roba take. Innova na da roba mai araha da ake kira DX, mai daɗin riƙo amma mai saurin cinyewa. Da Champion, mai ƙarfi da sheƙi, wadda kan daɗe ba ta canza ba amma tana da santsi in hannu ya jiƙe. Da Star, wadda ke tsakaninsu. Kamfanin Discraft shi ma yana da nasa, irin su ESP da Z. Abin mamaki shi ne, a zuba roba biyu a mazubi ɗaya, su fito da hali biyu, domin kowace roba da yadda take tsukewa in tana hucewa, wannan kuwa kan ɗan canza tsayin bakin faifan. Galibi Teebird na Champion ya fi na DX taurin kai. Daɗin daɗawa, duk faifan da ya sha dukan itatuwa bakinsa na lanƙwasa yana cinyewa, sai ya ƙara saurin karkata, har akwai ƙwararrun da ke ɗaukar faifai iri ɗaya guda uku ko huɗu a jaka, sabo da tsoho da na tsakiya, kowane da aikinsa. Duk da haka, lambobi huɗun da kamfani ya ba wa faifan galibi ba sa canzawa daga roba zuwa roba.

A nan ne muke so mu tsaya mu yi tambayar da masu gardamar kan manta: wa ya auna lambobin nan? Amsa ita ce kamfanin da ya ƙera faifan, wanda kuma shi ke sayar da shi. Ƙungiyar PDGA tana duba kowane sabon faifai kafin ta yarda a shiga gasa da shi. Tana auna nauyinsa, wanda bai kamata ya wuce giram 200 ba, tana auna faɗinsa, wanda bai kamata ya kasa santimita 21 ba, tana duba kaifin bakinsa da taurin robarsa. Amma ba ta auna yadda yake tashi, ba ta kuma sa hannu a kan lambobin. Ashe ke nan 7 ta wannan kamfani ba lalle ta zama 7 ta wancan ba. Mutum biyu za su kwana suna musu a kan 0 da -1, alhali ba ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi ba, kamar masu cinikin hatsi biyu, kowa da mudunsa.

Ra'ayinmu shi ne, lambar da mai kaya ya buga da kansa talla ce mai ɗauke da bayani, kuma a matsayin talla ya kamata a karɓe ta. Ba mu ce kamfanonin ƙarya suke yi ba. Abin da muka ce shi ne lambobin sun ɗauka cewa mai jifa zai ba faifan saurin da aka ƙera shi dominsa, wannan kuwa ba a rubuta shi a jikin faifan ba. Sabon shiga yakan ga Destroyer mai gudu 12, ya yi zaton 12 ta fi 7 nisa, ya zuba kuɗinsa, ya jefa, faifan ya kife hagu tun bai je ko'ina ba, domin hannunsa bai kai ba. Da Leopard mai araha ya saya, da ya fi samun nisa da saiti. Yakan kuma ji labarin David Wiggins, wanda ya jefa faifai mita 338 a jihar Nebada cikin 2016, ya manta cewa ƙwararre ne, kuma iska mai ƙarfi ta taimake shi. A 2021 Discraft ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 10 ta shekara goma da Paul McBeth, kuma kowa ya san kamfani ba ya fitar da irin wannan dukiya sai yana sa ran sunan gwanin zai jawo masa ciniki. Gwaninta dai ba a sayar da ita a kanti. Ken Climo ya ci gasar duniya sau tara a jere daga 1990 zuwa 1998, tun ba a fitar da Teebird ba, balle Destroyer da ya zo a 2007.

Mun san wani zai ce mun tsananta, lambobin nan ai sun fi babu. Gaskiya ne, ba mu musa ba. A cikin kayan kamfani ɗaya suna nuna wa mai saye wane faifai ya fi wane taurin kai, wannan kuwa taimako ne babba ga wanda ba shi da halin gwada guda hamsin. Wani kuma zai ce awo da na'ura na da tsada, kuma na'ura ba ta jifa kamar mutum. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma hukumar golf ta Amurka, watau USGA, ta daɗe tana gwada ƙwallayen golf da na'ura kafin ta amince da su, ba wanda ya ce wasan ya lalace saboda haka. Wasan da har ake biyan mutum ɗaya miliyoyin dala a cikinsa bai kamata ya rasa ma'auni ɗaya ba. Abin da ya dace shi ne wata hukuma da ba ta sayar da faifai ta jefa kowanne da sauri ɗaya da juyi ɗaya, roba bayan roba, ta bayyana sakamakon kowa ya gani.

Kafin a kai ga haka, ɗan wasa mai hankali shi ne zai zama ma'aunin kansa. Ya ɗauki faifan saiti guda ɗaya, ya tafi fili, ya jefa shi sau goma ranar da iska ta kwanta, sau goma yana fuskantar iska, sau goma tana bayansa, ya rubuta inda ya sauka. Bayan wata biyu ya sake, ya ga abin da dukan itace ya canza. Wanda ya yi haka ya san faifansa fiye da wanda ya haddace lambobin faya-fayai ɗari, domin gani ya kori ji.

Yanzu sai mu juyo kanmu, 'yan'uwa, domin lambar mai kaya ba a jikin faifai kaɗai take ba. Tana jikin batirin wayar da muke saye, tana jikin injin wutar da ke ƙofar shagunanmu, tana jikin buhun takin da iyayenmu ke kaiwa gona. Wasunmu sun riga sun fara aiki, sauran kuma gobe za a ajiye musu fayil a kan tebur, a ce su sa hannu a sayo wa makaranta ko asibiti kaya da kuɗin jama'a. Ɗan wasa in ya ruɗu da lamba, faifai ɗaya ya yi asara. Ma'aikaci in ya ruɗu, gari guda ne zai sha wahala. Saboda haka muke roƙon kowannenmu ya saba wa kansa da tambayoyi uku kafin ya amince da kowace lamba: wa ya auna ta, a wane hali aka auna ta, kuma wa zai ci riba in mun yarda da ita? In amsar ta farko da ta uku mutum ɗaya ne, to a ajiye alƙalami, a nemi a kawo kayan a gwada tukuna.