Zauren Anti: 'Yan Keke Sun Share Mini Tukunya

Wannan watan ku yi mini haƙuri, na ajiye wasiƙunku a gefe, saboda wani abu da ya faru a gidanmu nan Ƙofar Kaura, wanda na ga bai kamata in bar shi a cikina ba.

Ranar wata Asabar, gab da magariba, sai ga ƙanin maigidana ya yi sallama shi da abokansa uku, kowa riƙe da kekensa, sun yi futu-futu da ƙura. Wai daga Kano suke, kuma a kan keke! Tafiyar kilomita wajen 170, tun bayan sallar asuba, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Charanci. Na ce, "Kai kuwa wa ya aike ka? Kuɗin mota ne babu?" Ya ce, "Anti bar wannan zance, a dai taimaka mana da abin taɓawa."

Na zuba musu shinkafa da wake da mai da yaji, wadda ta saba isar mutum goma a gidan nan. Wallahi kafin a kira isha'i kwanuka suka dawo kamar an wanke. Aka aika sayen biredi, aka dafa shayi, can kuma sai ga yaro wai an ce ko akwai sauran ƙanzo. Tabɗi!

Ina tsakar gida ina jiyo hirarsu daga zaure. Wani dogo a cikinsu ya ce bayan sun wuce Kankiya suka tarar da garken shanu yana tsallaka titi, shi kuma don gaggawa ya kaɗa ƙararrawa zai ratsa ta tsakiya. Ashe ya shiga tsakanin wata saniya da ɗan maraƙinta. Ta sunkuyar da kai ta yo kansa, gogan naku ya yar da keke ya faɗa gonar gero. Ya ce, "Abin takaicin, yaron da ke kiwon bai kai ƙuguna ba, amma tsawa ɗaya ya yi mata ta koma." Suka bushe da dariya.

Babbansu ya ce laifin dogo ne. Idon saniya a gefen kai yake, tana ganin kusan ko'ina sai dai bayanta. Ta saba da ƙarar mota, shi kuwa keke shiru yake zuwa, sai kawai ta gan ka a jikinta ta firgita. Ya ce in ka haɗu da garke ka sauka, ka sa keken tsakaninka da su, ka gaida makiyayi, ka jira su wuce.

Sai ƙanin maigidana ya ce shi ba ƙaho ne ya ba shi tsoro ba, yunwa ce. Bai karya kumallo ba ya hau hanya. Kafin su kai Charanci ƙafafunsa suka mutu, hannu na rawa, ido na ganin duhu, feda ta gagare shi takawa. Allah Ya sa ga wata Bafulatana a gindin bishiya da ƙwaryar fura da nono. Sai da ya sha damu biyu sannan ya gane gabas. Ya dubi dogo ya ce, "Ka ga dangin wadda ta kore ka su suka cece ni."

A nan ne dariyata ta tsaya, domin na tuna ɗiyar yayata da ke zaune wurina, 'yar aji uku a sakandare. Yarinyar nan ta ɗauki wata ɗabi'a: ba ta karyawa, da rana cokali uku ta ture kwano, wai kar ta yi ƙiba, wai kuma ƙawayenta sun ce budurwa mai aji ba ta ci da yawa. Satin da ya wuce aka kawo mini ita a Keke Napep, ta faɗi ana tsaka da asambuli. Ga ƙato da gemunsa yunwa ta kayar da shi a bakin titi, ina ga ke da jikinki bai gama ginuwa ba?

Ku saurara da kyau. Mace baliga tana buƙatar kalori wajen 2,000 a rana, 'yan tseren keke na Faransa kuwa sukan ƙona sama da 5,000, shi ya sa ba sa wasa da ciki. Ke ba tsere kike ba, amma ƙwaƙwalwarki kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke amfani da shi. Ga al'ada duk wata tana rage miki jini, wanda sai da irin su wake, zogale, hanta da nama yake dawowa. To yaya lissafi zai zauna a kan da babu komai a cikinsa?

A hirar tasu sun ambaci wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, wanda a 2023 ya tuƙa keke kilomita kusan 4,000 don neman karatu a Jami'ar Azhar ta Masar, kuma ya samu gurbin. Ke taki tafiyar daga gida zuwa aji ce kawai, amma ita ma tana son guzuri. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Ba na ce ku zama acici ba, haɗama ma ba tarbiyya ba ce. Amma koko da ƙosai da safe ba su taɓa zubar wa kowa aji ba. Saurayin da zai raina ki don ya ga kin ci kin ƙoshi, ki tabbata ranar da kika shiga gidansa cefane zai zama rigima.

Da asuba baƙin namu suka kama hanyar Daura, kowa da ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino a kariya. Ita kuwa 'yar tawa, da ta kwana da jin hirar, na tarar da ita a kicin tana ɗumama tuwo. Ban ce mata komai ba, man shanu kawai na miƙa mata.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu koma kan wasiƙunku.

Taku har kullum,
Anti