Gani Ya Kori Ji: A Nuna Wa Mutanenmu Ciwon Toshewar Jijiyar Ƙafa A Bidiyo

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne ƙafar wani dattijo da aka yanke, wadda har gobe nake ganin da an yi masa bayani ta hanyar da zai gane, da wataƙila yana tsaye a kanta yanzu.

Aikina na katekis yakan kai ni gidajen marasa lafiya a ƙauyukan Gaya da Ajingi. Wannan dattijo manomi ne, kuma sau da yawa mukan jera da shi a hanya. Na lura ba ya tafiya mai nisa sai ya tsaya, ko ya gaisa da wani, ko ya yi kamar yana duba gonar mutane. Mu muna cewa Baba akwai son gaisuwa, ashe sha-raɓarsa ce ke ɗaurewa da ciwo, in ya huta kaɗan ta saki, in ya ci gaba ta sake kamawa. Shi ya ɗauka sanyi ne, wasu kuma suka ce masa wani abu ya taka. Ya taɓa zuwa wani asibiti, aka ba shi magani da takarda mai rubutun Turanci, ya ninke ta ya sa a aljihu. Da hunturu ya zo sai ya riƙa kara ƙafar a kaskon gawayi, ta ƙone bai ji ba saboda yana da ciwon suga. Aka kira wanzami ya yi tsaga, wurin ya zama gyambo, yatsa ya yi baƙi. Kafin a kai shi Kano aikin gama ya gama, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da na je duba shi, sai ya ce mini, "Malam, ai ba wanda ya ce mini kada in gasa ta."

To, mene ne wannan ciwo? Jini yana fitowa daga zuciya ya bi jijiyoyi zuwa ƙafa, kamar yadda ruwa ke bin tiyo zuwa lambu. Idan kitse ya yi ta taruwa a jikin jijiyar shekara da shekaru, sai hanyar ta tsuke. Muddin mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya isa. Da zarar ya fara tafiya naman ƙafa ya bukaci ƙari, sai ciwo ya tashi, kuma yakan lafa cikin 'yan mintoci in an tsaya. Idan abin ya yi nisa, ƙafa takan yi zogi ko da dare mutum yana kwance, har sai ya sauko da ita daga gado kafin ya ji sauƙi. Tana yin sanyi, rauni kuma ba ya warkewa. Manyan abubuwan da ke jawo shi su ne shan taba, ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini, ciwon ƙoda da kuma tsufa. Mutane da yawa suna da shi ba su ji komai ba, alhali kuwa kitsen da ya tsuke jijiyar ƙafa yana iya tsuke ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa, ya kawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Wani bincike da mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta buga a 2013 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 mutum miliyan 202 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin namu ke nan.

Ra'ayina a nan shi ne, ya kamata a yi gajerun fina-finan bidiyo da Hausa a kan wannan ciwo, a riƙa nuna su a asibitocinmu da wuraren taruwarmu, a kuma tura su a wayoyin jama'a. Ina da dalilai uku.

Na farko, magana a ɗakin likita ba ta zama. Duk wanda ya bi layi a asibiti ya san likita ɗaya ne ga mutane masu yawa, kuma marar lafiya yana shiga a tsorace, yana tunanin kuɗin magani da kuɗin mota. Wani nazari da aka buga a Ingila a 2003 ya nuna cewa marasa lafiya sukan manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da aka gaya musu nan take. In haka ne inda ake magana da harshe ɗaya, yaya ke nan ga tsohon da aka sallama da takardar Turanci? Bidiyo kuwa ba ya gajiya da maimaici, ana iya kallonsa sau goma, kuma matar gida da yara masu jinya su ma za su gani.

Na biyu, yawancin abin da ke ceton ƙafa aikin hannu ne da sai an nuna. Yadda ake duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, ko da madubi ko a sa jika ya duba. Yadda ake gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu kafin a zuba wa ƙafa. Yadda ake zazzage takalmi a laluba cikinsa saboda ƙaya ko tsakuwa, a kuma daina yawo ba takalmi ko da a tsakar gida. Yadda ake yanke farce a miƙe, a bar kankare kanta da reza. Har tafiyar da ake yi don magani sai an nuna ta: mutum ya yi tafiya har ciwon ya fara matsa masa, ya tsaya ya huta, ya sake tashi, haka har minti 30 ko fiye, sau uku a mako, na aƙalla wata uku. Wannan yana ƙara nisan da mutum zai iya tafiya, amma wa zai yarda cewa tafiya ce maganin ciwon tafiya in bai ga ɗan'uwansa manomi ya yi ya amfana ba?

Na uku, mu ba baƙin wannan hanya ba ne. Iyayenmu suna ba mu labarin majigi, motar da ke zuwa gari da dare tun zamanin Turawa a kafa farin ƙyalle a nuna tsafta da noma. Mu kanmu a ikkilisiya mun san yadda ƙauye ke taruwa in an kafa allo an tayar da janareta don nuna fim ɗin Yesu, wanda aka yi a 1979 aka kuma juya shi zuwa Hausa. Tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta bunƙasa, har ga shi yau ko a Kademi, ko Toranke, ko Balare, yaro zai kai wayarsa shagon caji a tura masa fim. Hanyar da ke kai waƙa da wasan dariya har bukkar gona, me zai hana ta kai bayanin da zai tsare ƙafar mai gonar?

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan raina hujjarsu ba. Wani zai ce ai bidiyo sun cika YouTube da TikTok. Gaskiya ne, sai dai masu kyaun galibi da Turanci suke, ana nuna mutum a kan injin motsa jiki da ba mu da shi. Na Hausan kuwa da yawa masu tallar magani ne, waɗanda ke rantsuwa cewa kwalba ɗaya za ta wanke jijiya tas. Irin wannan ya fi rashin sani haɗari, domin yana cin kuɗin mutum yana kuma cinye masa lokacin da ya kamata ya kasance a asibiti. Shi ya sa nake cewa likita ne zai tsara maganar, a ga fuskarsa da sunan asibitinsa a farkon fim, 'yan wasa su taimaka wajen isar da ita.

Wani kuma zai ce bidiyo ba ya taɓa ƙafa, ba ya amsa tambaya. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, na kuwa yarda da ita. Ba kowane ciwon ƙafa ne toshewar jijiya ba. Akwai amosanin gaɓɓai, akwai ciwon baya mai sauka ƙafa. Mai gyambo ko mai zogi da dare bai kamata ya kama tafiyar magani don ya gani a waya ba, nasa asibiti ne. Asfirin da maganin rage kitsen jini suna da amfani, amma likita ne zai rubuta, don asfirin yana iya sa mai gyambon ciki zubar jini. Saboda haka duk inda aka nuna fim, a samu ma'aikacin lafiya a wurin da na'urar awon jini da ta suga, ya taɓa bugun jijiya a ƙafa, ya tura wanda ya dace gaba. Akwai awo mai sauƙi da ake kwatanta ƙarfin jini na idon sawu da na damtse. In na ƙafa ya kasa kashi 90 cikin 100 na hannu, alama ce ta toshewa. Kuma kowane fim ya ƙare da gargaɗi ɗaya: ƙafar da ta yi sanyi farat ɗaya, ta canza launi, ta mutu ko ta kama zogi mai tsanani, sa'o'i kaɗan gare ta, a nemi mota ko da tsakar dare ne.

Masu cewa babu wuta da kuɗi kuwa, ina tuna musu cewa fim na minti biyar ba ya bukatar intanet in ya shiga waya ɗaya, daga nan sai turi. A kwatanta wannan da kuɗin tiyata, da zaman jinya a Kano, da ƙafar roba, da gonar da za ta kwana ba noma.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Ƙashi na Dala, su da suke ganin ƙarshen wannan ciwo, su haɗa kai da masu shirya fim a yi wannan aiki da Hausar da ake ji a karkara. A sa talabijin mai sola a wurin jiran Babban Asibitin Gaya da ƙananan asibitocin Ajingi, domin sa'o'in da ake ɓatawa a benci su zama makaranta. Ƙungiyar asibitocin Kirista ta Nijeriya, wato CHAN, wadda aka kafa a 1973, tana iya raba shi ga dakunan shan magani na mishan.

Mu ma a ikkilisiya akwai namu. Muna da benci, muna da janareta, muna da nas-nas a cikinmu, muna da Zumuntar Mata waɗanda su ne masu jinya a kowane gida. A ware yamma ɗaya a wata, ko a fara da ranar 14 ga Nuwamba da duniya ta keɓe don ciwon suga, a buɗe ƙofa ga kowa, a gayyaci maƙwabtanmu Musulmi da mai unguwa, don ciwo ba ya tambayar addinin ƙafa. A gayyaci wanzamai musamman, cikin girmamawa, domin su ake fara kira. Ranar da wanzami ya ga baƙin yatsa ya ce wannan ba na aska ba ne, an ceci ƙafa.

Kafin wannan fim ya samu, kai mai karatu ka zama shi. In kana da tsoho mai yawan tsayawa a hanya, tambaye shi dalili. In yana shan taba, lallashe shi ya bari, don babu maganin da ya kai wannan. In yana da suga, ɗauke kaskon wuta daga gaban ƙafarsa, ka durƙusa yau da dare ka duba masa tafin ƙafa da fitila. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.