Mun koyi renon itace, ba mu koyi tsaron mai sara ba

Duk shekara ran 3 ga Agusta manya kan saka fararen riguna su tsuguna su dasa itace, a ɗauki hoto, a watse. Ba ni da ja da wannan. Renon 'ya'yan itace da auren mangwaro su ne sana'ata a nan gefen Birnin Ƙonni, kuma a makon ne nake cinikin da ya fi na kowane lokaci. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk jawaban da ake yi ban taɓa jin an ambaci mutumin da zai hau wannan itacen da gatari a hannu ba, in ya girma, rani ya tsananta, tumaki suna kuka a turke.

Itace ya dawo ƙasarmu, kowa shaida ne. Tun 1975 aka fara jera dogonyaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliyan nan da ya zauna Maraɗi, ya fara nuna wa manoma cewa kututturen da suke ƙonewa a gona yana da rai: a zaɓi tofo kaɗan a bari, a datse sauran. Wannan sassabin zamani shi ne masu bincike suka kiyasta ya maido da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 na Nijar. Manoman Illela kuma sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989, suka dawo da gyararriyar tassa, wato ramukan shuka, fako ya koma gona daga Badagishiri har Tajaye. To amma inda itace ya yawaita, sara ma ya yawaita. An ƙirga itatuwan, ba a ƙirga yatsu da idanu da ƙashin bayan da suka tafi wajen gyara su ba.

Ɗauki gawo. Allah Ya yi shi da ganye a rani, lokacin da babu ciyawa ko ta rantsuwa, don haka a watan Afrilu da Mayu shi ne rumbun dabbobi. Mai hawansa yakan cire takalmi don ƙafa ta kama, ya rataya gatari a kafaɗa, ya haura cikin ƙaya. Can sama hannu ɗaya ke riƙe da shi, ɗayan na sara. Reshen da aka sara daga sama kawai ba ya faɗuwa salin-alin, tsagewa yake yi ya ja ɓawo, wani lokaci ya juyo ya doki ƙafar mai saran. Ɗan ƙanen mahaifina haka ya faɗo. Faɗuwar ba ita ta fi ba ni takaici ba, abin da ya biyo baya ne. Mutanen da ke ƙaunarsa sun ɗaga shi zaune, suka sa shi tsakanin mutum biyu a kan babur, aka bi hanya mai gargada da shi zuwa wurin maɗori. Maɗori gwani ne a hannu da ƙafa, ban raina shi ba, amma gadon baya ba aikinsa ba ne. Yau yaron yana saƙar tabarma a zaune. Wanda ya faɗo daga itace yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ba a zaunar da shi. Ƙyaure ake cirowa ko katako a kwantar da shi miƙe, wani ya riƙe kai kada ya motsa, a nemi mota a nufi asibiti, ko na Ƙonni ko na Galmi da ke nan bakin titi tun 1950.

Kwanan baya wani ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Yamai ya nuna mini a waya abin da ake kira bonsai. Al'adar Japanawa ce, asalinta daga Sin: a dasa itace a ɗan kasko, a dinga datse rassa da saiwa, a naɗe reshe da waya don ya lanƙwashe yadda ake so, har ya tsufa bai wuce tsawon hannu ba. Akwai wanda aka fara reno a 1625, ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, aka ba Amurka kyautarsa a 1976, yana nan a Washinton. Na yi dariya da farko. Da na ci gaba da kallo sai dariyar ta ɗauke, domin mutumin da ke gyaran itacen da bai kai gwiwa ba ya sa tabarau don kada waya ta tsone masa ido, ya sa safar hannu, yana goge almakashinsa kafin ya taɓa wani itacen. Kuma itacen da ke gabansa na san shi: kariya ce, wadda muke gani a bakin shinge ba mu ko waiwaya. Masu bonsai sun san ruwanta dafi ne, har a wasu sassan Afirka da shi ake shafa kibiya, shi ya sa ba sa yankanta da hannu tsirara. Mu kuwa yaranmu karya ta suke yi suna wasa da furen.

Tumfafiya ma haka. Tana nan a kowace gona, kuma mai sassabe kan sare ta kansa a sunkuye. In farin ruwanta ya fantsama cikin ido, gani kan dushe, sau da yawa ba tare da zafi mai yawa ba, wannan ke sa mutum ya ce bari a ga gobe. Maganin farko ba kwalli ba ne, ba nonon mace ba ne, ba tofi kaɗai ba: ruwa ne mai tsabta, buta bayan buta, a yi ta zubawa ido a buɗe, sannan a je likita ranar.

Amma akwai abin da ke kashe mutane, kuma shi ne wanda aka fi rainawa. Mai auren itace irina da reza yake aiki, yana fere tsinke yana jawo kaifin wajen babban yatsa. Mai auren magarya kuma ƙayarta mai ƙugiya ba ta barinsa. Aduwa da bagaruwa da farar ƙaya suna jiran mai tafiya da silifa. In jini ya fito, abin da za ka ji shi ne "ɗan yanka ne", sai a debi ƙasa ko toka ko garin taba a danna, wani ma baƙin mai ko kashin shanu. Ƙwayar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora, a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma rami mai zurfi marar faɗi irin na ƙaya shi ta fi so. Ke nan da hannunmu muke kai ta inda take nema. Tana iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, lokacin an manta da ƙayar, sai a ce iskoki ne ko sammu.

A nan ne nake ganin akwai giɓi a tsarinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2016 cewa Nijar ta shawo kan tetanos na masu haihuwa da jarirai, abin a yaba ne, kuma da allurar awon ciki aka cim ma hakan. Namiji baligi fa? Ba ya awon ciki, ba a kiransa rigakafi, kuma shi ne ke wuni da adda da gatari da barandami. Allurar ba ta riƙe mutum har abada sai ana sabuntawa. Na tambayi abokan sana'ata a lambu, da yawa ba su san ma ana yi wa manya ita ba.

Ga kuma wata cutar da ƙaya ke shukawa a ƙafa, likitoci na ce mata misetoma. Kumburi ne marar zafi da ke girma a hankali shekara da shekaru, ya ɓule ƙananan ramuka suna fitar da ruwa da ƙwayoyi kamar tsaba, ya ci har ƙashi. Yankin Sahel na cikin inda ta fi yawa a duniya, kuma a 2016 ne aka saka ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. In an makara, yanke ƙafa ne ƙarshenta. Takalmi rufaffe, ko na gwanjo ne, ya fi ƙafar roba araha.

Na san amsar da za a ba ni: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma talaka da bai ci ya ƙoshi ba ina shi ina tabarau. Na yarda da ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa cewa tawakkali ya hana ɗaure raƙumi ba. Yawancin abin da nake kira a yi ba ya cin ko dala. A gyara itace tun yana ƙarami, daga ƙasa, don kada sai an hau. A fara ɗan sara reshe ta ƙarƙashi kafin a gama ta sama. Kada mutum ya hau shi kaɗai, kada a tura yaro, kada a hau da rana tsaka cikin azumi jiri na ɗibar mutum. Rauni kuma ruwa da sabulu ne farkonsa.

Saura abin da ya rataya a wuyan hukuma. Gawo itace ne da doka ta kare, kuma tsoron tara na sa wasu hawa da asuba ko da almuru, cikin gaggawa, suna sara suna waige. Ya kamata ma'aikatan gandun daji su fito fili su faɗa wa manomi irin datsar da aka yarda da ita a gonarsa, ya yi ta da rana ido na gani. Ƙungiyoyin da ke tara mu horon sassabin zamani da auren itace su ware ko da rabin sa'a ne ga malamin asibiti. Hukumomin Ƙonni da Malbaza da Illela da Tajaye kuwa, roƙona gare ku ɗaya ne: ran 3 ga Agusta mai zuwa, a kafa teburin allurar tetanos kusa da inda ake rabon itace, duk wanda ya zo karɓar dashe a yi masa kafin ya tafi.