Tambaya Ɗaya Cikin Takardar SF-86

Wasiƙar da ta hana ni sukuni a wannan mako daga Amurka ta zo, daga ɗan wani aminina wanda aka haifa can, ya karanta injiniya, har ya sami aiki a kamfanin da ke yi wa sojojinsu kwangila, bisa sharaɗin sai hukuma ta tantance shi ta ba shi izinin ganin asiran ƙasa. Yana cikin cike takardar nan da suke kira SF-86, sai ya iso ga tambayar ko ya sha haramtacciyar ƙwaya cikin shekaru 7 da suka shige, alhali kuwa ya zuƙi tabar wiwi sau uku lokacin yana jami'a. Abokansa suka ce ya rubuta a'a, wai ai ba wanda ya gani. "Baffa," in ji shi, "me zan rubuta?"

Da waɗannan abokai sun san abin da suke faɗa, da sun san cewa cikin ƙa'idoji 13 da ake auna mai neman izinin da su tun 2017, babin ƙwaya yana da ƙofar rangwame a buɗe: ana duba daɗewar abin, da yawansa, da ko mutum ya rabu da abokan sha, har akan karɓi rubutaccen alkawarinsa cewa ba zai koma ba. A watan Disamba na 2021 ma, shugabar hukumomin leƙen asirinsu ta lokacin, Avril Haines, ta bayyana cewa tsohuwar shan wiwi abin dubawa ce, amma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Wanda yake kan sha har yanzu, shi doka ta rufe wa ƙofa. Na san za a ce jihar Kolorado ta halatta wiwi tun 2012, amma izinin na gwamnatin tarayya ne, ita kuwa ba ta halatta ba.

Ƙarya kuwa babinta daban, laifi ne da kan kai mutum kurkuku har shekara 5. Kuma mai bincike yana iya zama da wanda kuka kwana ɗaki ɗaya a jami'a, ya buɗe littafinsa, ya tambaye shi a hankali. Ko an tsallake wannan, wanda ya ɓoye abu ya miƙa wa ɗan leƙen asirin abokan gaba igiyar da zai ja shi da ita ranar da ya gano.

Ba na gajiya da ambaton malaman jarhi da ta'adili, waɗanda, da suka zo auna adalar maruwaita, suka karɓi riwayar fasiƙin da ya tuba, amma Imamu Ahmad ɗan Hambali da wasunsa suka ƙi karɓar riwayar wanda ya taɓa ƙaga hadisi da gangan, ko da tubarsa ta kyautata, domin abin da aka ba shi amanarsa shi ya ha'inta. To, da wane ido mutum zai dubi abokinsa ya koya masa shaidar zur a ranar da ake gwada amanarsa? Wannan ba shawara ba ce, cuta ce, kuma ranar da aka kira yaron gaban mai bincike ba ɗayansu da zai raka shi.

Na amsa masa a daren: "Ɗana, rubuta i, ka sa wata da shekarar farko da ta ƙarshe, ka ce sau uku. Sa'an nan ka gaya wa mahaifinka da bakinka kafin ka aika."